Motar da Muka Gyara wa Mu'awiya

Motar da Mu'awiya ya sayar da shanun gidansu ya saya ta rasa mai saye. Dillalin da ya daɗe yana bin sa a waya ya kalle ta ta bidiyo, ya ce ya fasa. Ba hatsari ta yi ba, ba a kuma sace komai a jikinta ba. Gyara ta muka yi. Makullinta a hannuna aka bar shi, ni kuma na miƙa.

Abin ya faru a gidanmu, a Dogon Dutsi, cikin daminar bana. Ga wadda yau ta fara karanta ni: sunana Khairiyya, ina koyar da ƙananan yara a wata lakwal cikin gari. Mu'awiya ɗan Tibiri ne, yana da shagon kayan sola kusa da tasha, kuma an sa mana rana bayan kaka. Kun yi ta tambaya a ƙasan rubutuna me ya sa na yi shiru. Ga dalilin, ba zan rage komai ba.

Motar ta iso bayan babbar Sallah, a bayan wata babbar mota, lulluɓe da tamfol. 'Yan kabu-kabu suka rako ta tun daga tasha har ƙofar gidanmu. Kowa ya zaci jif ce. Da aka yaye tamfol sai ga wata 'yar gajeriyar mota, cikinta na neman shafar ƙasa, ƙofa biyu, launin toka wanda rana ta fara ci a sama, da wani fiffike a bayanta kamar katakon guga. Sitiyarinta, wanda mu nan muke ce wa bolan, yana dama, inda fasinja ke zama.

"Ba su ƙarasa ta ba sunka sayar mashi," in ji wani ɗan kabu-kabu.

Aka yi dariya. Ina bayan labulen zaure, na ji.

An kawo ta gidanmu ne saboda Mu'awiya ɗaki ɗaya gare shi a bayan shago. Baba kuwa yana da gareji mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, wanda ya koma ma'ajiyar gero tun da ya ajiye aiki ya sayar da tasa motar. Aka kwashe buhuna, aka share, aka tura baƙuwar ciki da hannu.

Mu'awiya ba ya zance a waje. Bayan la'asar yake zuwa, ya zauna a zaure, yayana Rabo na gefe yana dafa shayi. Ran nan ya zo da farar jallabiya, wandonsa bai kai idon sawu ba kamar kullum, yana ƙamshin turaren da ya san ina so. Ni kuma na sa hijabina ruwan goro, na zauna a bakin tabarma.

"Ba ta hawa ba ce, Malama," ya ce. "Ajiya ce."

"Ajiya mai taya huɗu," in ji Yaya Rabo.

Bai kula shi ba. Ya yi mini bayani a tsanake, yadda yake yi wa mai sayen batir. Banki ba zai kai kuɗi ba, don ba ya cin ruwa. Nairar da yake ciniki da ita a bakin iyaka kullum narkewa take. Shanu kuwa abincinsu ya yi tsada, ga ɓarayi. Sai ya ji wani Bature zai bar Yamai da gaggawa, yana sayar da kayansa, har da wannan motar. Sunanta Nissan Skyline. Ya ce Japan ta daɗe da daina ƙera irinta, akwai kuma masu kuɗi a Dubai da Amurka da ke tara su, kowace shekara raguwa suke, kuɗinsu na hawa.

"Sharaɗinsu ɗaya ne," ya ce. "Ta kasance yadda ta fito daga kamfani. Fentinta, kujerunta, har ƙusar jikinta."

"Har fentin da ya koɗe?" na tambaya.

"Har shi. Koɗewar ce shaidar ba a taɓa ta ba."

Shanun ba nasa ba ne shi kaɗai. Gadon mahaifinsu ne da ba a raba ba: akwai rabonsa, da na mahaifiyarsa, da na ƙanwarsa Fadila, wadda ke jiran shiga makarantar ungozoma a Dosso. Kawunsu Ma'azu, wanda shi ne babba a dangi, ya ƙi yarda da farko. Mu'awiya ya yi ta zarya Tibiri kafin ya shawo kansa.

Na gyaɗa kai. Ina so ku riƙe wannan: na ji, na kuma gane. Ba zan zo daga baya in ce ba a faɗa mini ba.

Sai dai garin bai ji bayanin ba, motar ya gani. Washegari a lakwal, lokacin hutun tara, abokiyar aikina Tabita ta zo ta zauna kan teburina tana cin gyaɗa.

"Madam Khairiyya, an ce angonki ya sayo mota mai bolan a gefen amarya. Ke za ki riƙa tuƙa shi ke nan."

"Ba ta hawa ba ce."

"To ta mene ce? Ta kallo?"

"Ajiya ce."

"Bon," ta ce, ta kakkaɓe hannu. "Ni dai mijina Alphonse da zai ajiye kuɗi fili ya saya. Har yanzu ba a yi wa filin dariya ba."

Na yi dariya tare da ita. Da na koma aji na kasa rubuta kwanan wata daidai a allo.

A gidan suna ma haka. Wata ta ce in an tashi kai ni ɗaki sai a naɗe ni kamar tabarma kafin in shiga baya. Wata ta ce ai ustazai ba su son kayan duniya, shi ya sa ya zaɓo wadda duniya ta gama da ita. Babu wadda ta faɗa da mugunta. Da da mugunta ne da na san abin da zan mayar.

Sai Gwaggo Mubaraka ta zo. Yayar Baba ce, tana sayar da atamfa da kayan ɗaki, kuma ba a taɓa biki a danginmu ba tare da ita ce a gaba ba. Ba ta cika son Mu'awiya ba, don a tsaye yake gaishe ta, ba ya durƙusawa. Ta sa aka buɗe gareji, ta zagaya motar tana riƙe da gefen mayafinta kada ya taɓa.

"Wagga ita za ta kai ɗiyarmu Tibiri? Ko kututturen gero ta taka sai ta maƙale."

"Gwaggo, ba ita za ta kai ni ba. Sayar da ita zai yi."

"Wa za ya saye ta haka?" Ta rage murya. "Ke yarinya ce. An cuce shi Yamai, kunya ta hana shi faɗi. Shi ya sa ya ɓoye ta gidan surukai, ya ƙirƙiro zancen Dubai. Namiji ba ya cewa an cuce ni."

Wannan maganar ce ta shige ni. Tun da na taso ban taɓa ganin abin da ya fi tsada don ya tsufa ba. Keke, firji, gida, duk sai an gyara ake samun mai saye. Na auna maganar Mu'awiya da ta Gwaggo, ta Gwaggo ta fi kama da duniyar da na sani. Daga ranar na fara yi masa kallon wanda aka yi wa wayo. Ina amsa saƙonsa da Masha Allah, a zuciyata ina jin tausayinsa.

Da aka shiga hutun lakwal ya tashi tafiya Lome ɗauko kaya. Hanyar yanzu doguwa ce, ana jiran ayari, ba a sanin ranar dawowa. Ranar da ya zo sallama ya ajiye makullin a kan tabarma, ya tura shi gabana da yatsa.

"Duk Juma'a ki ba Yaya Rabo ya tayar da ita kaɗan, don inji. Yana gamawa ki karɓe. Kada ta fita ƙofa."

"Ni ba a yarda da ni ba ke nan," in ji Yaya Rabo.

"Na yarda da kai, Yaya. Ƙafarka ce ban yarda da ita ba."

Suka yi dariya. Na sa makullin a aljihun ciki na jakata.

Juma'ar farko ya turo saƙo: "An tayar da tsohuwa?" Na ɗauki hotuna da yawa, na tura ɗaya, na rubuta: "An tayar." Ya mayar: "Allah ya yi miki albarka, ma'ajiyata."

Bai daɗe da tafiya ba Gwaggo ta tara mu a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, ana yayyafi. Ga Baba a kujerarsa ta roba, ga Inna tana tsince shinkafa, ga Yaya Rabo. Gwaggo ta ce ta yi tunani. Gudummawar da dangi za su tara a ƙara mini gado da kujeru, gara a sa ta a motar ango. A mayar da bolan hagu kamar na mutane, a ɗaga ta ta iya hanyar Tibiri, a yi mata fenti. In ya ga dama ya hau, in ya ga dama ya sayar da daraja. A rufa wa yaro asiri ba tare da an ce masa an san asirin ba.

"Ku tambayi mai abu," in ji Baba.

"Kyauta ake tambaya? Tun yaushe?"

Baba ya dubi agogo, ya ɗauki butarsa ya fita masallaci. Haka yake yi da yayarsa tun kafin a haife ni.

Inna ba ta ɗago ba. Yaya Rabo ya ce shi dai ya san Alphonse, mijin Tabita, ya juya bolan motocin da ba su ƙirguwa, hannunsa kamar na kamfani. Sai duk suka dube ni.

Babu wanda ya taɓa jakata. Babu wanda ya ɗaga mini murya. Gwaggo cewa kawai ta yi, "In kina so a yi ta maku dariya har ki yi jika, riƙe abinki."

Na tashi na shiga ɗaki. Na tsaya gaban madubi, na tuna muryar Tabita da ta matan gidan suna. Muryar Mu'awiya ma na tuna ta, sarai. Na zuge jakar, na fito da makullin, na kai wa Yaya Rabo. Na kuma ce zan sa albashina na watan a kuɗin fenti, in dai za a bar ni in zaɓi launi. Na zaɓi fari.

Garejin Alphonse yana bayan mishan. Da ya buɗe gaban motar ya daɗe yana kallo, yana murmushi.

"Injin nan ba zan taɓa shi ba," ya ce. "Sauran ku bar mani. Patron, mai motar, ya sani?"

"Ba-zata za mu yi mashi," in ji Yaya Rabo.

"To madalla. Ni da surukaina za su yi mani haka."

Ya yi aikin da zuciya ɗaya, ba ni da abin da zan ce a kansa. Ya sa zarto ya raba allon gaba, ya juya shi, ya haɗe. Ya huda ƙarfe a hagu don sandar bolan, ya yi wa ramin dama walda. Ya cire ƙafafunta ya sa na wata mota, ta miƙe tsaye. Ya yage tsohon yadin kujeru, aka yi musu sabuwar riga ja mai sheƙi. Fiffiken baya Gwaggo ta ce a cire, don zai hana ɗaura kaya. Sannan aka kankare tokar nan, aka fesa fari.

Duk Juma'ar da motar take can, saƙo na zuwa: "An tayar da tsohuwa?" Ni kuma sai in zaɓi ɗaya cikin hotunan farko in tura. "An tayar." Sau ɗaya ya ce, "Kullum hasken garejin iri ɗaya ne." Na ce damina ce, kullum hadari.

Ranar da aka gama, Yaya Rabo ya ce a gwada ta. Na sa sabon leshina mai ruwan zuma, wanda na ajiye don kamu, na shiga gaba. Muka hau kwalta muka nufi Kiéché. Da ya taka ta sai na ji bayana ya manne da kujera, gonakin gero suna wucewa kamar ana jan zane. Da muka dawo ta tasha, 'yan kabu-kabun nan da suka yi dariya suka miƙe suna ɗaga hannu. Tabita ta turo saƙo: "Yanzu kam Madam ta yi miji."

Wannan ne sashen da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Na ji daɗi. Na kwana ina ganin kaina mace mai dabara, wadda ta ceci mijinta tun kafin ta shiga gidansa.

Mu'awiya ya dawo ranar wata Talata. Ya kira ni daga tasha, muryarsa a sake. Ya ce dillalinsa, wani Bahaushe mazaunin Dubai, ya samo mai saye, kuɗin da aka ambata ya ninka abin da ya biya, ana so a gan ta ta bidiyo yau. Ya ce yana zuwa bayan azahar. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Na ce wa kaina in sun so ta a koɗe, a gyare za su fi so.

Gwaggo ta riga ta tara mata. An dama fura, an shimfiɗa tabarmi a gaban gareji, an ɗaura wa motar ƙyalle a madubi. Ya shigo da kayan tafiya a jikinsa, waya a hannu, dillalin na kan layi. Ya yi mamakin taron, ya gaishe su. Yaya Rabo ya ja ƙofar ƙarfe. Wata ta rangaɗa guɗa.

Ina tsaye bayan Inna, kusa da shi, don haka na ji abin da ke fita daga wayar.

"Ina Skyline ɗin?"

Mu'awiya ya dubi lambar motar. "Ita ce wannan."

"Matsa kusa. Buɗe ƙofa. Nuna mini gaba." Mu'awiya ya nuna masa. "Wa ya yi wannan?"

"Ana iya mayar da ita?"

"An yanka ƙarfe, ɗan'uwa. Ko ka mayar, za su gani. Wannan yanzu mota ce kawai. Allah ya ba da haƙuri."

Layin ya yanke. Matan ba su ji ba, ana ta hayaniya. Gwaggo ta gyara mayafi ta matso.

"To, ango. Ka ga aikin surukai."

Kowa ya juyo yana jiran bakinsa. Kun san yadda abin yake a wurinmu: dangin matarka sun tara kuɗinsu sun yi maka alheri a gaban jama'a, amsa ɗaya ce gare ka. Ya sa wayar a aljihu. Sai ya durƙusa, shi da bai taɓa durƙusa wa kowa ba, ya ce, "Na gode, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

"Kun gani?" in ji Gwaggo. "Yau har ladabi ya samu."

Ya tashi ya zagaya motar. Ya ɗora tafin hannu inda fiffiken yake da. Ya tambayi Yaya Rabo a hankali ina kayan da aka cire.

"Mun sayar wa 'yan gwangwan. Mun ƙara a kuɗin kujeru."

Ya gyaɗa kai. Aka miƙa masa fura, ya zauna ya sha, ya yi godiya. Bai dube ni ba, amma dama ba ya dubana a cikin mutane. Ya fita a ƙasa, ko kabu-kabu bai tsayar ba.

Kafin magariba saƙonsa ya shigo. Zan kwafe muku shi yadda yake:

"Malama, kada ki damu kanki. Na san halin Gwaggo da Yaya Rabo. Na san ɗaukar makullin suka yi ba ki nan, kika ji tsoron faɗa mini, shi ya sa hotunan. Ban riƙe ki da komai ba."

Na karanta. Na rubuta "Ni ce", na goge. Na rubuta doguwar magana, na goge. Abin da na tura shi ne: "Allah ya mayar da alheri."

Ya ce amin.

Labari bai kwana biyu ba ya kai Tibiri. Kawu Ma'azu ya kira Mu'awiya. Abin da ya faru can daga bakin Fadila na ji, don ta bugo mini washegari. Ba kuka take ba, muryarta a daidai take, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

"Anti, wai da gaske shi ya ce a yanka ta?"

"Me ya faɗa muku?"

"Ya ce shi ya bugo waya daga Lome ya ce a yi. Ya ce ya canza shawara ne, ya yi kuskure. Shi da ya hana ni ko jingina da ita in ɗauki hoto."

Na ce mata layin ba ya da kyau.

Ta ci gaba duk da haka. Kawu ya ce in Mu'awiya ne ya yi, to bai isa riƙon dukiyar marayu ba. Za a sayar da kayan shagonsa a mayar wa Fadila da mahaifiyarsu rabonsu, biki kuma a ɗaga sai ranar da ya sake tsayawa da ƙafarsa. In kuwa surukai suka yi, su za su biya, kuma shi Ma'azu ba zai kai goro gidan da aka ba amana aka yanka ta ba. Kawu bai yarda da maganar Mu'awiya ba. Ya ce zai zo Dutsi da kansa ya tambayi yarinyar, tunda malamar lakwal ce, ita aka bar wa makulli.

"Makarantata fa, Anti? An ce a kai kuɗi kafin Oktoba."

Na ce Allah zai kawo mafita. Na ji kaina ina faɗa, na ji ƙyamar muryata.

A gidanmu kowa ya kama gefensa. Gwaggo ta ce ita shawara ta bayar, ba ta taɓa makulli ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ta daina zuwa. Yaya Rabo ya koma kwana wurin abokinsa. Inna ta same ni a ɗaki ina ninke leshin nan, ta zauna bakin gado.

"Tunda ya ɗauka, ki bar mashi. Namiji ne, shago ana sake wani. In kika buɗe baki, ba aure, ba mutunci, kuma ubanki ba shi da abin biya sai gidan nan."

"Inna, shagon shi ke nan gare shi."

"Ke ma shi ke nan gare ki."

Baba tambaya ɗaya ya yi mini, yana sa takalmi zai fita. "Ƙwace maki anka yi?"

"A'a, Baba."

"To." Ya fita. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Jiya Mu'awiya ya zo bayan la'asar. Ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa, bai sa turare ba. Inna ta aika aka nemo Yaya Rabo ya zauna da mu, ya ɗora shayi yana kallon gawayi.

"Kawu zai zo gobe," ya ce. "In ya tambaye ki, ki ce na bugo waya na ce a yi."

"Ƙarya ce, Malam."

"Na sani. Zunubin a kaina." Ya murza goshi. "Ban taɓa zaton zan zauna in koya wa wani ƙarya ba. Amma ba zan bari a raba mu saboda abin da ba ki yi ba."

Mutumin da ya ƙi kai kuɗi banki don kada ya ci haram ke nan. Na dubi hannuwansa, duk tabon wayar sola.

"Shagon fa?"

"Zan koma ɗaura wa mutane farantin sola a rufi, kamar da. Za ki iya jira?"

"Malam," na ce, "akwai..."

Yaya Rabo ya buga murfin buta da ƙarfi. Ban dube shi ba. Ba shi ya hana ni ba, kada ku ɗora masa. Mu'awiya ya ɗago yana jira, fuskarsa babu zargi ko kaɗan.

"Akwai fura," na ce. "In kawo?"

Ya yi murmushi ya ce ya ƙoshi.

Motar tana gareji, fara fes. Wani mai ɗaukar amare ya taya ta, kuɗin da ya faɗa bai kai na rabon Fadila kaɗai ba.

Da safiyar nan Fadila ta turo saƙo cewa sun taso daga Tibiri, ita da Kawu Ma'azu, a motar kasuwa. Zai yi azahar a masallacin tasha, ya biya shago ya ɗauko Mu'awiya, su zo tare. Ya ce a gaban kowa zai tambaye ni, sau ɗaya. Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, Baba ya ce yau a gida zai yi salla. Har zuwa lokacin da nake rubuta wannan, Mu'awiya yana nan a kan cewa ba na nan aka buɗe jakata.